Ranar da Na Kai Babana Karɓar Lambar Yabo

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu a unguwar Limawa, cikin Minna, ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta gaban shagon Babana, sai an sami wani dattijo a kan benci ya ɗaga yatsa ɗaya sama ya ce, "A'a, Injiniya na ɗaya! An fito?" Ni kuma in durƙusa in gaishe shi, in wuce ina cizon leɓe. Me zan ce? Ni na jawo wa kaina.

Bari in fara da kare kaina kaɗan, kafin ku yanke mini hukunci. Ni tun daga firamare har na gama sakandare, na ɗaya nake zuwa a aji. (Gaskiya gasar ba ta da wani zafi a makarantarmu. Wanda yake zuwa na biyu rabin zango yana gonar babansa.) Duk ƙarshen zango sai a kira na ɗaya da na biyu da na uku ofishin shugaban makaranta, a ce su gaya wa iyayensu su zo ranar raba kyaututtuka. Da muka yi jarrabawar gama sakandare kuma, kowa ya san A1 ce sarauniya, F9 kuwa ita ce abin kunya. Har a jami'a ma na ji ana cewa digiri mai daraja ta ɗaya shi ne ƙarshe. To don Allah ku gaya mini, mutumin da ya yi shekara goma sha biyu ana nuna masa cewa ƙaramar lamba ita ce alheri, babba kuma ita ce masifa, me kuke so ya yi tunani?

Babana tela ne, mai ɗinkin kaftani da babbar riga. Kakana aikin reluwe ne ya kawo shi Minna daga Kano, lebura ne, kuma labari ɗaya Baba yake ba mu game da shi, kullum shi ne dai: yadda yake ɗaukar ƙarfen dogo a kafaɗa, wani injiniya yana tsaye a inuwa yana nuna masa inda zai ajiye da 'yar sanda. "Kakanka ya ɗauki ƙarfe," in ji Baba. "Ni na ɗauki almakashi. Kai sandar za ka riƙe." Ranar da na samu gurbin karatun injiniya a jami'a, daga ranar Baba ya daina kiran sunana. Injiniya kawai. Ko shara zai sa ni, sai ya ce, "Injiniya, ɗauko tsintsiya."

Makon farko a Bosso, inda jami'ar take, aka yi taron wayar da kan sababbin ɗalibai. Ban je ba. Na leƙa dai, na ga wani farfesa ya miƙe da takardu masu kauri a hannu, na ce a raina, ni da na saba zuwa na ɗaya, wane kai za a wayar mini? Na tsaya daidai lokacin da ake raba wani ɗan koren littafi na dokokin makaranta, na karɓi nawa, na hau Napep na koma gida. Da na isa shago na tarar Baba yana faɗa da keken ɗinkinsa, wai ƙafa ɗaya ba ta zauna daidai ba, yana ta rawa. Nan take na nuna masa amfanin haihuwar injiniya: na ninke littafin nan biyu na cusa a ƙarƙashin ƙafar keken. Ya zauna daram. Baba ya dube ni ya dubi abokansa na benci ya ce, "Kun gani? Ko wata ɗaya bai yi ba."

Haka dokokin jami'a suka shekara a ƙarƙashin keken Babana, ana taka su safe da yamma.

Shekarar nan kuwa na sha iska, ba ƙarya. Aji ya cika maƙil, malami yana can gaba kamar ɗan tsako, ni ina can baya inda ake hirar ƙwallo. In an ce akwai gwaji ranar Alhamis, sai in ce ai ƙananan gwaje-gwajen nan na masu tsoro ne, mu a babbar jarrabawa ake ganinmu. (Daga baya na ji ashe maki arba'in cikin ɗari a waɗannan ƙananan yake. Arba'in! Ni kuwa na bar su a teburin mai shayi.) Aboki ɗaya na yi na kirki, Bulus, ɗan Paiko, wani gari kusa da Minna, ɗan manoman doya. Kullum da sassafe yake shigowa a bas, ya zauna a layin gaba, ya rubuta komai, har tarin malami ina jin yana rubutawa. Ina tausaya masa ƙwarai. Nakan ce a raina, Allah sarki, wani sai ya wahala kafin ya gane.

Da aka gama zango na biyu, sai aka ce sakamakon shekara ya fito. Shafin makaranta na intanet ya ƙi buɗewa a wayata, don haka na tafi allon sanarwa na sashenmu, na tarar da mutane kamar ana rabon shinkafa. Na kutsa da ƙyar. Takardu huɗu ne dogaye, lambobin ɗalibai a jere, a gaban kowace lamba an rubuta abin da suke kira GPA, wato matsakaicin makin mutum. Na bi takarda ta farko, ba ni. Ta biyu, ba ni. Ina ta ganin 3.20, 2.85, 4.10, ina girgiza kai ina cewa kai, yaran nan sun sha kashi. Ta uku da ta huɗu ma ba ni.

Sai can gefe na hango wata 'yar takarda ita kaɗai. Lambobi bakwai ne kacal a jiki, an ja wa kowace layi da jan biro. Kan takardar kuma wani mai neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai ya manna fostarsa a kai, fuskarsa ta rufe rubutun sama gaba ɗaya, yana ta murmushi. Ta uku daga ƙasa, ga lambata. A gabanta: 1.08. A can ƙasa an rubuta cewa waɗannan ɗalibai su ga malamar da ke kula da 'yan aji ɗaya ranar Talata da ƙarfe goma.

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Ɗaya. An ware mu bakwai daga cikin ɗaruruwa. An ja mana layi da ja. An kira mu ofis. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Abin da kawai ya ɗan sosa mini rai shi ne akwai mutum biyu da suka samu sifili da ɗigo wani abu, wato a lissafina sun fi ni. Na ce ba komai, na uku ma a jami'a ba wasa ba ne, amma a gida ba sai na faɗi wannan ba.

Ina juyowa na ga Bulus yana tsaye shiru, ya dafe ƙirji.

"Nawa?" na ce.

"Huɗu da ɗigo huɗu da ɗaya," in ji shi, muryarsa har rawa take.

Na rungume shi. Ina faɗa muku, a gaban mutane na rungume shi, ina bubbuga bayansa. Na ce, "Bulus, ka yi haƙuri. Kada ka sa abin a ranka. Allah bai manta da kai ba. Shekara mai zuwa ni da kaina zan riƙa zama da kai ina koya maka."

Ya yi dariya, ya ɗauka irin shaƙiyancina ne na kullum. Ya ce, "Kai fa, ka samu nawa?"

Na sassauta murya, don kada in ƙara masa ciwo. "Ɗaya da ɗigo sifili takwas."

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ɗaya? Kai, abokina, wannan ba kyau fa. Tsaya in gaya maka, wannan abu..."

"Bulus," na ce, na ɗaga masa hannu, "hassada ba ta kamace ka ba."

Ya buɗe baki zai sake magana, na riga na tsallaka titi na tsayar da Napep. Ya kira wayata sau biyar kafin in isa gida, ban ɗauka ba. Na ce a bar shi ya huce tukuna, mutum in yana cikin baƙin ciki ba a biye masa.

Abin da ya faru a shago ba sai na tsawaita ba. Baba ya ajiye almakashi, ya ɗaga hannu sama, ya yi ta hamdala. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce in sake faɗa da ƙarfi don Alhaji Ɗanjuma mai goro ba ya ji sosai, na sake. Kafin la'asar duk layin an ji cewa ɗan tela ya zo na ɗaya a jami'a. (Maganar ɗigo sifili takwas ɗin tun a benci na farko ta faɗi, ba wanda ya tsaya ɗaukarta.) Umma ta yi guɗa, ta ce ranar Talata za ta soya waina a raba wa maƙwabta. Da na ce an kira mu ofis, Baba bai ma tambayi dalili ba, ai ya saba. Ya ce, "Da ni za a je. Na je na firamare, na je na sakandare, na jami'a ne zan zauna a gida?"

Ya ture ɗinkin mutane gefe, ya ɗauko wata shadda ruwan sararin sama da ya daɗe yana ɓoyo, ya auna ni. Kwana uku yana kanta. Ya yi mata aiki a wuya da hannu irin wanda ko angwaye sai sun yi masa magiya kafin ya yi musu. Ina zaune ina kallonsa yana taka keken nan, keken da ke zaune a kan amsar duk abin da ke shirin faruwa da ni.

Ranar Talata muka fito mu uku. Ni cikin sabon kaftani, Baba cikin babbar rigarsa ta Idi, sai ƙanensa Kawu Ado, wanda aka ɗauko musamman don wayarsa ta fi ta kowa ɗaukar hoto. Baba ya riƙo leda cike da dabino. Mai Napep ya dube mu ya ce, "Ɗaurin aure ne, Alhaji?" Baba ya ce, "Ya fi ɗaurin aure," ya kwashe labari ya ba shi tun daga kan Kakana da ƙarfen dogo, bai gama ba har muka iso Bosso.

A barandar ofis muka tarar da sauran shidan. Sun jingina da bango, ba mai magana da wani. Wata yarinya idonta ya yi ja, wani dogo ya rufe fuska da hula. Ba wanda ya yi kwalliya, ɗaya ma silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa. Na ce a raina, ka ga masu ilimi na gaskiya, ba ruwansu da nuna kai. Baba kuwa ya buɗe leda ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Barkanku, barkanku! 'Ya'yan albarka. Ungo, 'yata. Kuka kike yi? Ai dole, abin farin ciki ne. Ina iyayenku, ba su zo ba? Ayya. To ku gaishe su, ku ce sun haifu."

Suka karɓi dabino suna kallon juna. Dogon nan ya ɗaga hula ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya dubi aikin wuyan rigata, ya ce a hankali, "Baba, mun gode... amma kun san abin da aka kira mu a kai kuwa?"

"Mun sani mana," in ji Baba. "Kai ne na biyun? Allah ya ƙara basira."

Kawu Ado duk yana ɗauka a waya.

Aka kira lambata. Malamar wata dattijuwa ce mai tabarau, Dakta ake ce mata, teburinta cike da fayil. Ta ɗago kai tana jiran ɗalibi ɗaya, sai ta ga babbar riga ta shigo, kaftani na biye, mai waya na biye da shi. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta ce, "Sannunku da zuwa, Baba. Ku zauna."

Baba bai zauna ba. Ya gyara hannun riga ya fara jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukumar makaranta, ya gode wa malamai da suka gane abin da ke cikin yaron nan. Ya kawo Kakana da ƙarfensa da injiniya da sandarsa. Ya ce shi tela ne, bai yi boko mai nisa ba, amma ya san ɗaya in ya gan ta. Ya ajiye sauran dabinon a kan fayil ɗinta ya ce ba yawa, a sa albarka. Ni kuma ina tsaye a gefe na harɗe hannu a baya, na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, ina tunanin ko kyautar littafi ce ko kwamfuta.

Dakta ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai, me ka gaya wa mahaifinka?"

"Gaskiya na gaya masa, Dakta. Ɗaya da ɗigo sifili takwas."

"Ka je taron sababbin ɗalibai?"

"Na... leƙa."

"Littafin dokoki da aka ba ku fa, ka karanta?"

"Yana gida, Dakta. Ana amfani da shi." (Wannan kam ban yi ƙarya ba.)

Ta yi ajiyar zuciya, ta juya wajen Baba. Muryarta ta yi laushi, kuma laushin nan ne ya fara nuna mini akwai matsala. Ta ce, "Baba, don Allah ku zauna. A nan ma'auninmu daga sifili yake zuwa biyar. Biyar ita ce sama."

Baba ya zauna a hankali. "Biyar ce sama."

"Biyar ce sama."

"To ɗaya fa?"

"Ɗaya tana ƙasa, Baba."

"Ƙasa kamar yaya?"

"A duk ajin nan, mutum biyu ne kawai ke ƙasa da shi."

"To alhamdulillahi," in ji Kawu Ado daga bayan waya, don shi har lokacin bai gane inda aka dosa ba. Baba ya waiwaya ya yi masa wani kallo, ya sauke wayar.

Zufa ta karyo mini tun daga ƙeya, ta bi ta cikin sabuwar shaddar nan har gadon baya. Fuskar Bulus ta faɗo mini, da yadda na rungume shi ina ba shi haƙuri. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, in ja kaftanin in rufe ramin.

Dakta ta jawo takardata ta juya wa Baba ita, ta ɗauki biro. Ta ce kowane darasi ana ba da harafi: A maki biyar, B huɗu, a yi ta sauka har F, wadda ba ta da komai. Kuma kowane darasi da nauyinsa, wani ɗaya, wani uku, wani huɗu. Sai a ninka maki da nauyi, a tara, a raba. "Ga shi nan, ya ci A ɗaya, a darasin sanin yadda ake amfani da laburare. Nauyinsa ɗaya." (Laburaren da ban taɓa shiga ba sai ranar da ruwan sama ya kore ni.) "Amma lissafi F, fiziks F, kowanne nauyi mai yawa. Sauran kuma D da E. Yawanci ba shi da makin gwaji ko ɗaya."

Na yi zaton Baba ba zai bi lissafin ba. Ina! Mutumin da ya shekara arba'in yana raba yadi. Ya dubi takardar ya ɗan jima, sannan ya ce, "Wato Dakta, in na fahimce ki, ya ƙware a ɗinkin aljihu, ya ɓata rigar."

Dakta ta rufe baki da hannu. "Haka ne, Baba. Ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba."

"To yanzu mene ne hukuncinsa?"

Ta ce duk wanda ya gama shekara ƙasa da ɗaya da rabi, ana sa shi a abin da suke kira furobeshan, wato zaman gwaji na shekara guda. Zai sake ɗaukar duk darussan da ya faɗi, waɗanda ɗalibai ke cewa kariyoba, ya zauna aji ɗaya da sababbin shiga. Idan shekara ta zagayo bai haura ɗaya da rabi ba, sai makaranta ta sallame shi. Ba roƙo, ba kawo wani babba.

"Sallama," in ji Baba. Bai dube ni ba. Tafin hannunsa yake kallo, inda almakashi ya yi masa kanta. A duk abin da ya faru a ranar, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ya miƙe, ya yi mata godiya kamar yadda ya yi da farko, ba ragi. Ta ce a ɗauki dabinon, ya ce a'a, an riga an bayar. Muka fito baranda, mutum shida suna tsaye kowa da dabino a hannu, ba wanda ya ci. Dogon nan ya ce, "Baba, an karɓo?" Baba ya ce, "An karɓo, ɗana. Allah ya fid da mu baki ɗaya."

A bakin matakala muka yi kiciɓis da Bulus. Ashe tun safe yake nemana, ya biyo ni ne ya tare ni kafin in shiga, bas ɗin Paiko ta makara da shi. Ya ga shigar da muka yi, ya ga fuskokinmu, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Wannan ne Bulus ɗin?" in ji Baba. "Wanda ka ce mini za ka riƙa koya wa karatu?"

Na ce e, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba.

"Ɗana, kai nawa ka samu?"

"Huɗu da ɗigo huɗu, Baba."

Baba ya ɗaga yatsu ya ƙirga daga biyar ya sauko, ya tsaya a na biyu. Ya kama hannun Bulus da hannu biyu ya girgiza. Sannan ya ja da baya kaɗan, ya ƙanƙance ido, ya dubi kafaɗar Bulus, ya dubi tawa, ya dubi tsayinsa. Na san kallon nan sarai, tun ina yaro nake ganinsa, kallon awo ne.

Muka hau Napep muka koma gida. Muna shiga layinmu ƙamshin waina ya tare mu. An shimfiɗa tabarmi a gaban shago, dattijan benci sun hallara, har da liman. Alhaji Ɗanjuma ya hango mu ya ɗaga murya, "Ina kyautar? A nuna mana!" Na so in zille ta bayan gida, Baba ya riƙe mini hannu.

Ya tsaya a gabansu ya ce, "Jama'a, an samu kuskure. Ashe su a can daga biyar suke farawa su sauko. Injiniya na ɗaya ne, amma ta ƙasa." Ya ƙara da cewa, "Ku ci waina, an riga an soya."

Alhaji Ɗanjuma ya ce, "Me ya ce?" Sai da aka maimaita masa da ƙarfi, sau biyu, yadda har layin baya suka ji.

Da aka watse Baba ya kira ni cikin shago. Ya ce in tuɓe kaftanin, na tuɓe. Ya ninke shi ya ajiye. Sannan ya ce, "Littafin da Dakta ta ce, wanda ka ce ana amfani da shi, yana ina?" Na nuna ƙasan keke. Ya dube ni, ya dubi keken, ya yi salati. Ya durƙusa da kansa ya zaro shi, duk littafin ya yi baƙi da mai, ƙafar keke ta huda shi har tsakiya. Ya kaɗe shi ya miƙo mini. "Zauna. Karanta mini daga farko, kana fassarawa." Ma'aunin maki yana shafi na shida, da manyan baƙaƙe, har da misali.

Kaftanin kuwa, Baba ya rage masa hannu da inci ɗaya, ya aika wa Bulus. Ya ce don wanda ya yi abin kirki aka ɗinka, kuma ba a fasa ba. Bulus ya sa shi ya je coci a Paiko, ya dawo yana ba ni labarin yadda aka yi ta tambayarsa telansa. Shi ne kuma ya zauna da ni shekara guda cur yana koya mini lissafi a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, kuma duk ranar da na ci gyara sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi haƙuri, abokina. Allah bai manta da kai ba."

Baba bai sake sa komai a ƙarƙashin keken nan ba. Kawu Ado ya kawo katako, Baba ya ce a bar shi. Haka ya yi ta ɗinki keke yana ƙwas-ƙwas-ƙwas, ana ji har ɗakina, kuma duk lokacin da na ajiye littafi na ɗauki waya sai in ji kamar ƙarar ta ƙaru. Na koma layin gaba a aji, tare da yaran da suka shigo bayana, suna ce mini Yaya. Ban sake barin gwaji ko na maki biyu ya wuce ni ba. Ƙarshen shekara na haura, da ƙyar, kamar mai tsallake kwata da doguwar riga, amma na haura.

Na gama da biyu da ɗigo bakwai. Ba abin a soya waina ba ne, kuma ba a soya ba. Ranar da na kawo takardar shago, Baba ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Injiniya, biyu ta fi ɗaya dai ko? Ko sun sake juyawa?" Na ce ta fi, Baba. Ya ce in rantse, na rantse. Sai ya jawo durowa ya ɗauko koren littafin nan, ya ninke shi biyu, ya durƙusa ya mayar da shi ƙarƙashin ƙafar keke. Shagon ya yi tsit, rabon da in ji shi haka shekara biyar.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi gam. Duk wanda ya ba ni lamba yanzu, ba na murna, ba na kuka, sai na tambaya tukuna. Kwanan baya likita ya auna jinina ya faɗi wata lamba mai girma, na ce, "Likita, tsaya. A nan wajenku sama ake so ko ƙasa?" Ya dube ni kamar wani sakarai. Bai san da a ce na yi wannan tambayar tun a Bosso ba, da yanzu kaftanin nan yana cikin akwatina.